Shimfiɗa ciyawa da ban ruwa a gonar wake: inda ruwan yake tafiya

A sana'ar noman wake na ban ruwa, babban abin da ke cin kuɗinmu shi ne ɗago ruwa, don haka dole mu san lissafinsa. Daga shuka zuwa girbi, wake yana buƙatar ruwa kimanin milimita 300 zuwa 500. Milimita ɗaya tana nufin lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta. Ranar da gona mai hekta ɗaya ta sha milimita 5, lita 50,000 ke nan suka tafi.

Ruwan nan hanya biyu yake bi. Wani saiwa ke zuƙa ya fita ta ganye, shi ne mai yin ƙwaya. Wani kuma rana da iska ke kwashewa daga fuskar ƙasa, wannan asara ce zalla. Ciyawar da muke shimfiɗawa hanya ta biyun kaɗai take toshewa, ba ta rage ƙishin waken ba. Shi ya sa amfaninta ya fi yawa a makonni uku zuwa huɗu na farko, lokacin da ƙasa take tsirara. Da ganye ya haɗe ya yi inuwa, bambancin sai ya ragu.

Muna jira tsiro ya yi ganye biyu ko uku, mu yi noma, mu ba da ruwa, sannan mu shimfiɗa busasshen bambaro kaurin santimita 5 zuwa 8. In ya gaza haka, haki zai huda shi. In ya wuce, ruwa kaɗan ba ya ratsawa, saman ya jiƙe, ƙasan a bushe. A bar tazarar yatsu uku daga gindin waken, domin jiƙaƙƙiyar ciyawa da ta manne wa kara ruɓar da shi take yi. Harawar wake kuwa ba ma sa ta, cutar bara take dawowa da ita. Baƙar leda tana riƙe danshi sosai, amma a lokacin zafi dafa saiwa take yi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya rufe ƙasa kuma ya ci gaba da ban ruwa kamar da. Wake ba ya son ƙafarsa cikin ruwa. Ganye zai yi ɗorawa, saiwa ta yi baƙi, mai gona ya zaci ƙishi ne ya ƙara ruwa. Kafin a kunna inji, a ɗaga ciyawar, a tono ƙasa zurfin santimita 15, a dunƙule ta a tafin hannu. In ta riƙe curi, a dakata. In ta wargaje, lokaci ya yi. Jigawa tana son kaɗan-kaɗan akai-akai, ƙasa mai laka kuma a ƙoshar da ita a ba ta kwanaki.

In ruwa ya yi ƙaranci, a tsuke shi kafin fure, waken zai jure. Amma daga fitowar fure zuwa cikar ƙwaya ba a wasa: ƙishin 'yan kwanaki ya isa fure ya zube, kwanso ya fito da ƙwaya kaɗan maimakon ya cika. Ruwan ya bi gindi, ta kwarin kunya ko tiyon ɗigo, don yayyafi ta sama yana yaɗa cutar ganye. Da kwanso ya fara canza launi sai a janye ruwa, ya bushe a tsaye.