Abin da Nazarin Wasan Kwaikwayon Amurka Ya Koya Mini

Babban darasin da na samu a nazarin wasannin kwaikwayon Amurka na tsakiyar ƙarni na 20 shi ne cewa siyasar ƙasar ba ta cika hawa dandamali da sunanta ba. A cikin ɗakin iyali take zama, a tsakiyar gardama kan kuɗi ko muhalli ko mutunci, kuma wanda bai san dokokin da ke wajen ɗakin ba zai ɗauka rigimar gida kawai yake kallo.

Wasan Lorraine Hansberry mai suna A Raisin in the Sun, wanda aka fara nunawa a Broadway, cibiyar manyan gidajen wasan kwaikwayo ta birnin New York, a 1959, shi ya fi tabbatar mini da haka. Iyalin Younger, baƙar fata mazauna kudancin Chicago, sun karɓi dala 10,000 na inshorar maigidan da ya rasu, sai uwar ta ba da kafin alƙalamin wani gida a unguwar fararen fata. Wakilin unguwar, Lindner, ya zo musu da ladabi da taushin murya, yana tayin sayen gidan da riba domin kada su tare. Ladabin nan yana da tarihi. Masu gidaje a birane irin su Chicago sun daɗe suna sa hannu a yarjejeniyar da ta hana sayar wa baƙar fata gida, kuma mahaifin Hansberry da kansa ya sayi gida a irin wannan unguwa, har shari'arsa ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta ba shi gaskiya a 1940 bisa wata ƙa'idar shari'a ba tare da ta soke yarjejeniyoyin ba. Sai a 1948 ta hana kotuna tilasta aiki da su. Ke nan lokacin da aka nuna wasan, mutum irin Lindner ba shi da alƙalin da zai kai wa ƙara, shi ya sa ya zo da kuɗi, kuma a ganina wannan ya fi zagi ƙuna, domin yana neman iyalin su yanka wa wulaƙancinsu farashi da bakinsu.

Daga Arthur Miller kuwa na koyi kula da jerin shekaru. The Crucible, na 1953, ya ɗauko shari'ar mayu ta garin Salem a 1692, inda aka rataye mutum 19, kuma ba ɓoyayye ba ne cewa farautar 'yan kwaminisanci da ake yi a Amurka a lokacinsa yake nufi. Ɗalibai sukan jingina komai ga Sanata McCarthy, wanda ya yi suna a wannan farauta, alhali kwamitin binciken da ya tuhumi Miller na Majalisar Wakilai ne, kuma a gabansa ne Elia Kazan, wanda ya ba da umarni a wasan Miller na 1949, ya ambaci sunayen tsofaffin abokan tafiyarsa na jam'iyyar kwaminisanci a 1952. Miller kansa sai a 1956 aka kira shi, bayan ya riga ya rubuta John Proctor, jarumin The Crucible, mutumin da ya yarda ya ɗora wa kansa laifi amma ya ƙi jefa wasu a ciki. Da kwamitin ya tambayi Miller, ya yi bayanin tarurrukan 'yan kwaminisanci da ya halarta, ya ƙi faɗin waɗanda ya gani a wurin. An same shi da laifin raina majalisa a 1957, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta rushe hukuncin a 1958.