Eskal, zangon 'yan ruwa

A tikitina na fara cin karo da kalmar eskal, wato tsayawar da jirgi ke yi a hanya, a Faransanci. Daga Yamai zuwa Marsey ta Faransa, eskal a Kazablanka. Na ɗauka maganar jirgin sama ce kawai, sai da na samu aikin lodin kayan abinci a tashar ruwa na gane asalinta na masu jirgin ruwa ne.

Wani dattijo ɗan Aljeriya da muke aiki tare, Ammi nake ce masa, shi ya warware mini. Kalmar daga Italiyanci ta fito, sikala, wato tsani, wanda ake sa wa jirgi mutane su sauka. A hankali sunan tsanin ya koma sunan wurin saukar. Tsoffin attajiran Marsey ma haka suke kiran garuruwan Daular Usmaniyya da suke ciniki a cikinsu, irin su Izmir da Iskandariya: tsanukan gabas.

Jirgin masu yawon buɗe ido yakan iso da sassafe. Ya sha mai, ya ɗebi ruwa, a kwashe masa shara, mu loda masa tumatir da gari, kafin magariba ya ɗaga. Na Aljas da Tunis kuwa ba eskal suke yi ba a wurina, zuwa suke su dawo kamar motar kasuwa. Eskal sai wanda gabansa ke da sauran tafiya.

Na ce, Ammi, ai muna da ita, zango. Kakana bafatake ne daga Damagaram, da jakuna suke kai kanwa Gwanja su dawo da goro, suna lissafin hanya da zango-zango. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wasu ba su tashi ba. Zangon Kumasi da Sabon Zangon Ankara, a ƙasar Gana, unguwanni ne yau, cike da jikokin waɗanda suka ce kwana biyu za su yi.

Ni ma da niyyar wucewa Ingila na sauka. Shekarar farko ko bargon kirki ban saya ba, iskar mistiral tana ratsa ni, ina ganin asara ce ga mai tafiya. Bana shekarata takwas. Na san mai goro a kasuwar Nuway, na san masallacin da nake Juma'a. Ranar Litinin na kai 'yata ajin farko, malamar ta tambaye ta garinsu, ta ce Marsey.