Auta Ta Dawo Gida: Godiya Daga Bakin Uwa

Gaisuwa gare ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda ya mutu ya kuma tashi.

Yau kwana 6 da aka sallame mu daga asibiti, sai yanzu hannuna ya daina rawa har na iya riƙe waya in rubuta wani abu. Gajiyar da ke jikina ba ta misaltuwa. Ina kwanciya kamar an yi mini duka, amma da tsakar dare sai in zabura in laluba gefena, in ji ko 'yata Auta tana numfashi. Duk wanda ya kira ban ɗauka ba, ko ya aiko saƙo ban amsa ba, don Allah ya yafe mini.

Ba zan maimaita labari ba. Kun bi mu tun daga Litinin 25 ga Maris 2024, washegarin Lahadin Dabino, da sanƙarau ya kama Auta, wuyanta ya sanƙare, har zuwa 8 ga Afrilu da muka fito. Kwana 14. Ganyen dabinon da ta riƙo daga sujada a ranar Lahadin nan, da muka dawo na same shi a kan tagar ɗakinta inda ta ajiye, ya bushe ƙayau. Na hana a share shi.

Abin da nake so in faɗa na ranar Asabar ne, 30 ga Maris.

Ni 'yar Wusasa ce, a cikin majami'a na buɗe ido. Kakata tana da tsohon Littafi Mai Tsarki juyin 1932, bangonsa ya rabu har ta ɗinke shi da ƙyallen atamfa, a kansa na koyi haɗa baƙi. Jumma'a Mai Kyau na san ta, kalmomi bakwai na kan gicciye na haddace su tun ina Makarantar Lahadi. Safiyar Ista ma na san ta, da sabon ɗinki da guɗa. Amma Asabar ɗin da ke tsakaninsu, a wurina ranar kitso ce da cefane da guga. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda matan nan da suka biyo Yesu daga Galili suka wuni a ranar ba. Luka rabin aya kawai ya ba ta a ƙarshen sura 23: sun koma sun haɗa kayan ƙanshi, ran Asabar kuma suka huta bisa ga doka. Wane hutu ne ga wadda ta gani da idonta inda aka kwantar da shi? Bana na wuni a cikin wannan Asabar ɗin, na san nauyinta.

Tun daren Alhamis, ranar da wutar lantarki ta ɗauke a faɗin ƙasa, Auta ba ta ƙara buɗe ido ba. Zafin bazara kun san shi, ɗakin kamar tanda, fanka a tsaye cik. Ledar ƙarin ruwa tana ɗiga, ni kuma ina ƙirga ɗigon don kada in yi tunani. Gadon da ke kusa da namu, wata dattijuwa ce daga wani ƙauye ta wajen Giwa take jinyar jikanta, yaro ɗan shekara bakwai ko takwas, shi ma sanƙarau. Iya nake ce mata, ita kuma ta ce mini 'yata. Har muka rabu ban tambayi sunanta ba, wannan yana damuna har yanzu.

Iya tana azumi, ranar nan azumi ya kai 20. Leɓenta duk ya tsattsage. Maficin kaba ɗaya gare ta, an yi masa baki da jar fata. Sai ta fifita jikanta, ta fifita, sannan ta miƙo hannu ta ƙetaro tsakanin gadajen ta fifita Auta. Ba wanda ya roƙe ta. Da la'asar ta dube ni ta ce, "'Yata, tun shekaranjiya ban ga kin watsa ruwa ba. Tashi ki je. Ido biyu gare ni, ɗaya nasa, ɗaya nata." Na je na tsaya a banɗaki na yi kukan da na daɗe ina haɗiyewa, na dawo na tarar da ita a tsakiya, tana yi wa yara biyu fifita.

Da aka kira magariba ta kwance ƙullin dabino uku, ta zuba kunun tsamiya a murfin filas. Kafin ta kai bakinta, ni ta fara miƙo wa. Na ce, "Iya, ke ce mai azumi." Ta ce, "Ni na san dalilin yunwata. Ke mai jinya ba ta yi da cikin wofi, karɓi." Ni da na fara azuminmu na kwana 40 tun Larabar Toka, 14 ga Fabrairu, na daɗe da mance lissafinsa, abinci ne kawai ya ƙi wucewa. Kunun nan shi ne abu na farko da ya zauna a cikina cikin kwana uku.

Wajen ƙarfe uku na dare numfashin yaron ya canza. Nas biyu suka zo da gudu, aka kira likita, suka yi iya ƙoƙarinsu. Sai aka yi shiru. Na ji Iya tana salati a hankali.

Zan faɗi gaskiya a gaban Allah da gabanku: ban tashi na rungume ta ba. Tsoro ne ya danne ni. Abin da ya zo mini a rai shi ne mutuwa ta shigo ɗakin nan, kuma tsakanin gadonsa da namu bai fi kamu biyu ba. Na kifa jikina a kan Auta kamar kaza da 'ya'yanta, ina cewa Yesu, Yesu, ba wata kalma da ta fito sai wannan. Duk ayoyin da na haddace a rayuwata suka gudu suka bar ni da suna ɗaya.

Iya ta naɗe jikanta da mayafinta. Da asuba danginta suka iso. Ta ɗaure kayanta a zani, ta kai bakin ƙofa, sai ta juyo. Ta zo ta ɗora tafin hannunta a goshin Auta, ta sa mini maficin a hannu ta ce, "Allah ya tashi kafaɗunta. Nawa ya riga ni, ke ki riƙe taki da kyau." Ta fita. Gari bai gama wayewa ba, daidai lokacin da matan nan suka kama hanyar kabari. Macen da ta rasa jika cikin daren, ita ce ta tsaya ta yi wa 'yata addu'a, ni kuwa ko gaisuwar ta'aziyya ban iya haɗawa ba.

A zuciyata na riga na yanke cewa Auta za ta farka ranar Lahadi. Ai ranar tashi ce. Ina jin saƙonni suna shigowa, Almasihu ya tashi, hakika ya tashi, ina amsawa da baki ina kallon fuskarta. Rana ta faɗi ba ta motsa ba. Litinin yara suka tafi Galili, wato yawon shaƙatawa na washegarin Ista, da shinkafarsu da lemonsu kamar kowace shekara, ba ta motsa ba. A nan ne bangaskiyata ta yi ƙasa ƙwarai, fiye da daren Asabar ma. Na zama kamar mutum biyun nan na hanyar Imuwasu da suka ce da can suna sa zuciya. Da can. Haka nake ji.

Da yammar Litinin ɗin Mama, matar Baba Rabaran, ta zo. Ba a barin mutane su shigo ɗakin, sai ta tsaya ta taga. Na ce mata, "Mama, Ista ta wuce, ni dutsena yana nan." Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma yi mini wa'azi ba. Ta ce in tuna Markus 16, matan suna tafe suna tambayar juna wa zai mirgine musu dutsen, ba su da amsa, ba su da ƙarfin ture shi, amma ba wadda ta juya gida. Ta ce, "Ɗiyata, dutse ba aikinki ba ne. Ke dai riƙe turarenki ki ci gaba da tafiya." Na dubi hannuna, maficin Iya ne a ciki. Na ci gaba da fifita.

Daren Talata, 2 ga Afrilu, ina cikin fifitar nan ina gyangyaɗi, na ji wata 'yar murya ta ce, "Mama, ruwa." Sauran kun ji, domin ihun da na yi ya tashi rabin asibitin.

Wasunku ba su sani ba tukuna, kunnenta na hagu ba ya ji. Likita ya ce sanƙarau yakan bar irin wannan, za mu koma gwaji, amma kada mu ɗora rai da yawa. Na yi kuka a kan wannan ma. Ranar Lahadi 7 ga wata Baba Rabaran ya kawo mana Jibin Ubangiji har bakin gado, ya karanta inda Yesu ya bayyana ga Toma bayan kwana takwas. Shekara nawa ina jin wurin nan a matsayin labarin mai shakka. Ranar nan abin da na ji daban ne: Ubangiji ya tashi, amma gurbin ƙusa yana nan a hannunsa, gurbin mashi yana nan a kwiɓinsa, bai ɓoye su ba, da su ma aka gane shi. 'Yata ta tashi da tabonta. Na karɓe ta haka da hannu biyu, ina kuma roƙon Mai buɗe kunnen kurma ya yi abin da ya ga dama.

Yanzu godiya. Na san an ce abin da hannun dama ya bayar kada hagu ya sani, wasunku kuma sun ja mini kunne kada in ambace su. Ku yi haƙuri, bakina ba zai iya shiru ba.

Maƙwabcinmu mai Keke Napep, da ya fito da ƙarfe ɗaya na dare ba takalmi a ƙafarsa ya kai mu, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai a wannan tsadar. Alhaji mai kemis na bakin titi, da ya ce wa maigida, "Ɗauki allurar ka tafi, lissafi sai yarinya ta tashi." Nas ɗin dare, 'yar siririyar nan, da jijiya ta ɓace ta durƙusa da fitilar wayarta a baki ta nemo ta a ƙafar Auta. Likitan da ya ɗebi ruwan ƙashin bayanta, ya zauna ya yi mini bayani da Hausa har na gane. Shugabar Zumuntar Mata da dukan iyayena mata, da suka raba kwanaki a tsakaninsu, kula ba ta taɓa yankewa ba, suka riƙa tsayawa ƙarƙashin bishiyar maina cikin rana suna waƙa ƙasa-ƙasa don in ji ta taga. Matasa da mawaƙa da suka yi kwanan addu'a. Malamar ajinsu da ta kawo takardun gaisuwa da yara suka zana. Yayata da ta baro Jos da nata ƙananan ta riƙe mini gida. Baban yara, da ya kwana 14 a kan kwali a baranda, sauro ya gama da shi, bai taɓa bari na ga hawayensa ba sai daren Talata.

Akwai waɗanda na yi ta duban ƙofa ina jiran in gani, jininmu ne, Kaduna kuma ba nisa gare ta da Zariya ba. Ba su zo ba. Wataƙila akwai uzurin da ban sani ba. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, amma na ajiye shi a gindin gicciye, ƙofarmu kuma a buɗe take.

Ubangiji ya sāka muku duka. Wanda ya ba mu kofin ruwa, Allah ya buɗe masa rijiyar da ba ta ƙafewa. Wanda ya yi tattaki, Allah ya tsare fitarsa da shigarsa. Wanda ya durƙusa dominmu, Allah ya ji kukansa tun kafin ya buɗe baki. Kada Allah ya nuna muku daren da na gani. In kuwa ya zama dole ku wuce ta cikinsa, ya ajiye muku mutum a gefen gado kamar yadda ya ajiye mini. Iyayen da suka fita daga ɗakin nan hannu wofi, Allah na dukan ta'aziyya ya share musu hawaye, ya riƙe su a wannan Asabar tasu mai tsawo. Amin, amin.

Iyaye mata, roƙo ɗaya. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai da taurin wuya a wannan lokaci na zafi, kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko jiran gari ya waye. Na ji a rediyo cewa a 2024 an fara ba da sabuwar allurar rigakafi mai kare nau'i biyar na sanƙarau, Najeriya ce ma ƙasar farko da ta fara. In ta iso unguwarku ku kai yara.

Za mu yi godiya a majami'a ranar Lahadi mai zuwa, 21 ga Afrilu, in Ubangiji ya yarda. Masu zuwa gida, muna murna, amma a taƙaita zama don tana gajiya da wuri, kuma in za ku yi mata magana ku tsaya ta damanta.

Mutanen wajen Giwa, ko wanda ke da dangi a can: dattijuwa ce doguwa, mai zane uku-uku a kumatu, ta rasa jikanta namiji a asibiti a Zariya daren 20 ga azumi, wayewar Lahadi. Ranar Sallah na so in kai mata gaisuwa ban san inda zan nufa ba. Duk wanda ya gane ta ya yi mini magana ta akwatin saƙo. Ina da ta'aziyyar da ban yi mata ba, kuma maficinta yana wurina.