Ruwan Challawa da ɗakin bayan laburare

Ina aiki a laburaren wata jami'a a nan Kano, kuma kantocin da ke ɗauke da harafin Q da T, wato kimiyya da injiniyanci, su ne a hannuna. Da na fara, na ɗauka aikin bai wuce in nuna wa ɗalibi inda littafi yake ba, in buga hatimi, in sallame shi.

Wata 'yar ajin ƙarshe a sashen kemistiri ce ta sauya min tunani. Ta shigo ana tsananin zafin Afrilu, ta ce, "Malam, furojet ɗina a kan ruwan da masana'antun jima ke zubarwa a kogin Challawa ne. Kwana uku ina intanet, ban samu abin kirki ba."

Na ce, "Zauna, 'yata. Me za ki auna a ruwan?"

Ta yi shiru. Ashe ba rashin littattafai ke damun ta ba, tambayar binciken ce ba ta fito fili ba. Muka yi ta tattaunawa har muka tsaya a kan kromiyam, sinadarin da ake jeme fata da shi a masana'antar zamani. Da muka sa wannan kalma a AJOL, taskar mujallun binciken Afirka, da kuma OARE, wadda aka buɗe a 2006 don ƙasashe irin namu su samu mujallun muhalli kyauta ko da rahusa, sai ga maƙalu har sun yi mata yawa.

Amma abin da ya fi amfanar ta yana ɗakin baya, inda muke jibge kundayen digirin da suka gabata. Waɗansu sun riga ta ɗibar ruwan kogin nan, sun rubuta wurin da suka ɗiba, da rani ne ko da damina, da abin da awo ya nuna. Google bai san da su ba. Ina jin zafin yadda muke barin wannan dukiya ga ƙura da gara, alhali yaranmu na kwafo alƙaluman kogunan Indiya.

Tun daga lokacin nake zuwa taron gabatar da bincike na sassan kimiyya da injiniyanci, in zauna a baya da ɗan littafina ina koyon kalmominsu. Kundayen kuwa mun fara ɗaukar hotonsu zuwa kwamfuta, shafi-shafi, duk ranar da aka kawo wuta. Da na Challawa muka fara.