Abin da iskar dariya ta koya min a ɗakin tiyata

Mu da muke koyon aikin sa majinyaci barci a nan Kaduna, akwai wata shuɗiyar silinda da kullum take jikin na'ura kusa da ta oksijin, ita ce ta naitiros oksaid, wadda mutane suka fi sani da iskar dariya. Ba ta da launi, ƙamshinta ɗan zaƙi-zaƙi ne, ba ta kama wuta da kanta amma in wuta ta samu to za ta ƙara mata ƙarfi sosai. Tsohuwar aba ce, tun 1772 Joseph Priestley ya gano ta a Ingila, sai a 1844 wani likitan haƙori a Amurka, Horace Wells, ya shaƙa aka cire masa haƙori bai ji zafi ba.

Abu na farko da ogarmu ta dasa min a kai shi ne kar in yarda da gejinta. Ita oksijin in tana raguwa allurar geji tana sauka a hankali kana gani, amma wannan a matsayin ruwa take a cikin silinda, allura tana nan tsaye kamar cike take har sai ruwan ya ƙare kaf sannan ta faɗo lokaci guda. Ta ce min, ƙanena, in kana son gaskiyar abin da ya rage ɗora ta a sikeli, nauyi ne ba ya ƙarya.

Sannan ba ta iya sa mutum barcin tiyata ita kaɗai, zafi take ragewa, shi ya sa ake haɗa ta da wasu magunguna. Akwai haɗin da ake kira Entonox, rabi ita rabi oksijin, da mai naƙuda take riƙe abin shaƙar da hannunta, ciwo na tasowa ta ja, in ta fara jin jiri hannun ya saki da kansa. Wallahi wannan dabarar tana burge ni, ina ma asibitocinmu na haihuwa duk suna da shi, don matanmu suna shan wahalar da za a iya sassauta musu.

Inda na fi jin tsoronta shi ne yadda take kutsawa duk inda iska ta maƙale a jiki. Ta fi naitirojin, wato sinadarin da ya fi yawa a iskar da muke shaƙa, narkewa a jini nesa ba kusa ba, sai ta shiga wurin da sauri ta kumbura shi, don haka wanda ya yi hatsari iska ta taru a gefen huhunsa, ko mai toshewar hanji, ko wanda ake wa aikin cikin kunne, ba a ba su. Kuma in an rufe ta ba a cire abin fuska nan take, sai an bar majinyaci kan tsantsar oksijin na 'yan mintuna, saboda tana fitowa da yawa ta cika huhu ta kore oksijin ɗin.

To duk wannan taka-tsantsan muke yi a kanta, sai ka ga bidiyon matasa a wurin fati suna zuƙarta daga balan-balan, babu oksijin ko ɗigo, babu mai duba numfashinsu. Abin yana ci min rai gaskiya. Tana kashe aikin bitamin B12 a jiki, wanda ya maida ita abin yi sai tafin ƙafa ya fara masa yam-yam, hannu ya mutu, tafiya ta koma tangaɗi, wani har keken guragu. A 2023 hukumar NDLEA ta ba da umarnin kama masu sayar da ita don shaye-shaye, Birtaniya ma ta haramta mallakarta don shaye-shaye a shekarar. Duk wanda ya taɓa zuƙa kuma ya fara jin ƙafarsa ba daidai ba, don Allah ya je asibiti ya faɗa wa likita abin da ya sha ba ɓoye-ɓoye, in an kama da wuri allurar B12 tana taimakawa sosai.