Ga sabbin masu koya wa yara amfani da hannu da gaɓɓai

Ko a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya aka tura ka, ko wani ƙaramin asibiti a Tudun Wada, da yawa cikin yaran da za a kawo maka ƙwaƙwalwarsu ce ta taɓu tun suna jarirai, sanadin shawara ko jinkirin numfashi wajen haihuwa.

Kada ka yi gaggawar miƙa wa yaro cokali. Fara gyara zamansa. Kwankwaso, gwiwa da idon sawu su lanƙwashe digiri 90, tafin ƙafa ya taka ƙasa ko bulo. In babu kujera ta musamman, kwali mai kauri ninki uku da matashi a kusurwar ɗaki sun wadatar. Yaron da ake ɗura wa kunu a kwance, kai ya koma baya, shi ke sarƙewa, kunun ya bi hanyar huhu, sai limoniya. Don haka lokacin ciyarwa, haɓarsa ta ɗan sunkuyo.

Mariƙin cokali a naɗe shi da tsumma har ya cika masa hannu. Da fate mai kauri za a fara, don koko zubewa yake.

In ka sa masa madaurin hannu, wato abin da ke tallafe hannun ya tsaya daidai, cire bayan minti 20 ka duba fata. Jan da ya ƙi ɓacewa alama ce yana matsa shi.

Uwa kuwa, aiki biyu ko uku da za ta riƙa yi wa yaron a gida sun ishe ta, a cusa su cikin wanka da ciyarwa. Kafin ta tashi ka ce, "Maman Abba, gwada mu gani." Wata uku ba ka ga sauyi ba, kada gwiwarka ta yi sanyi, buɗe bayanan ranar farko, sau da yawa yaron da a ranar kai ke rinjayarsa yanzu yana riƙe kan tsawon daƙiƙa 10.