Ɗaura kujerar yaro a mota: inda aikin ke ɓaci

Mutane da yawa sun ɗauka aikin mai sayar da kujerun yara na mota ya ƙare da zarar an biya an ɗauki kwali. A wurinmu daga nan yake farawa. Ciniki ba ya cin lokaci. Ɗaurawa, gwadawa da yaron a ciki, da koya wa iyaye su yi da hannunsu, su ne kan ci kusan awa guda. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, ta taɓa gano cewa kusan rabin kujerun da ke cikin motoci ba a amfani da su daidai, kuma abin da muke gani a motocin da ake kawo mana bai ƙaryata ta ba. Sai ka ga kujera sabuwa ful, mai tsada, amma kana kama ta da hannu ɗaya tana rawa.

Kusan duk gyaran da muke yi a kan abu ɗaya ne: sako-sako. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, in ta daki wani abu ta tsaya cak, na cikinta bai tsaya ba, yana nan da gudunsa har sai wani abu ya tare shi. Ƙarfin bugun daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. A cikin wannan ƙiftawar ido nauyin jiki kan ninka sau 20 ko fiye, jaririn kilo 10 ya koma kilo 200 a hannun mai riƙe da shi. Babu uwar da za ta iya riƙe wannan. Mafi muni shi ne babba ya ɗora yaro a cinya ya zagaye su duka da bel ɗaya, don nauyinsa ne zai matse yaron. Duk ɗan sarari da aka bari tsakanin kujera da mota, ko tsakanin yaro da igiya, tafiya ce da yaron zai yi kafin a tare shi.

Kafin a buɗe kwali sai mun auna yaro, tsayi da nauyi, sannan mu tambayi watanninsa. Shekaru kaɗai ba sa wadatarwa. Daga nan mu juya kujerar mu nemi shaidar gwaji, wata 'yar takarda ruwan lemo mai harafin E cikin da'ira. In an rubuta R44, tsohon tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya ne mai bin nauyi: rukunin 0+ har kilo 13, rukuni na 1 daga kilo 9 zuwa 18, na 2 da na 3 daga 15 zuwa 36. In kuwa R129 ne, wanda aka fi sani da i-Size, a 2013 ya fara aiki. Tsayi yake bi, ya ƙara gwajin karo ta gefe, ya kuma wajabta yaro ya fuskanci baya har aƙalla wata 15. Na Amurka shaidarsu daban ce, FMVSS 213. Wadda ba ta da ko ɗaya, irin mai yadi da igiya kawai da ake ratayawa a jikin kujerar mota, ba ma ɗaura ta ko an roƙe mu.

Batun fuskantar baya shi muka fi shan gardama a kai. Iyaye suna so su riƙa ganin fuskar yaro, suna kuma tausayin ƙafafunsa da suka lanƙwashe. Amma kan jariri ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin jikinsa, ga nauyi, ƙashin wuyansa kuwa bai gama ƙwari ba. In yana kallon gaba aka yi karo, igiya za ta riƙe kafaɗu, kai ya wuce, wuya shi kaɗai ya ɗauki kayan, laka kuwa ba ta jure ja. In yana kallon baya, jikin kujerar ne zai tallabe kai da wuya da gadon baya lokaci guda, kamar tafin hannu. Wani farfesa ɗan Suwidin, Bertil Aldman, shi ya kawo wannan dabara a shekarun 1960, bayan ya lura da yadda ake kwantar da 'yan sama-jannati rigingine lokacin harba kumbo, kuma har yau a ƙasarsu yara kan kai shekara huɗu suna kallon baya. Wata 15 ɗin nan mafi ƙaranci ke nan. Mu dai shawararmu a bar yaro har ya kai iyakar da aka rubuta a jikin kujerarsa. Ƙafa ba ita ce abin dubawa ba, yara sukan harɗe abinsu. Kai ake dubawa: a ƙaramar kujerar jarirai, in abin da ya rage tsakanin tsakar kansa da bakin kujera bai kai santimita biyu da rabi ba, ta yi masa kaɗan.

Kujera mai kallon baya ba ta zama a gaba muddin jakar iska, wato wadda ke kumburowa daga gaban mota lokacin karo, tana kunne. Jakar kan fito da gudun da zai iya kai kilomita 300 a awa, kuma daidai inda kan jariri yake take duka. Wannan babu rangwame.

Hanyar ɗaurawa biyu ce. Ta farko ISOFIX: ƙarafa biyu a kujerar mota, a lungun da mazauni ya haɗu da majingina, santimita 28 tsakaninsu. A 1997 aka fara ganinsu a Volkswagen Golf, Amurka kuma tana da irin nata mai suna LATCH, wanda ya zama dole a 2002. Ana zaro hannayen kujerar a tura har a ji ƙas, alama ta bar ja ta koma kore a gefe biyu, sannan a ƙara tura kujerar ta manne da majingina. Sau da yawa gefe ɗaya ne ya kama, ɗayan tsabar kuɗi ko yadin rufin kujera ya tare shi. Su biyun nan ba sa hana kujera dungurawa gaba, sai da na uku: ko dai igiyar sama ko ƙafar tokare, wadda ke sauka daga kujerar ta tokare ƙasan mota. Igiyar sama takan bi ta kan majingina zuwa ƙugiyar da aka yi wa alamar anka, kuma tana rage tafiyar kan yaro da santimita 10 zuwa 15, wanda shi ne bambanci tsakanin ya bugi kujerar gaba da ya tsira. Akwai masu maƙala ta a zoben ɗaure kaya na cikin but. Ba don wannan aka yi shi ba, yana iya tsinkewa. Ƙafar tokare kuwa ƙasa mai ƙwari take so. In akwai ma'ajiya a ƙarƙashin darduma, murfinta na iya burmawa, sai dai in littafin motar ya yarda. ISOFIX yana da iyaka, kilo 33 in an haɗa yaro da kujera a tsarin i-Size. Ba a aron ƙarafan gefe don kujerar tsakiya, ba a kuma haɗa ISOFIX da bel don neman ƙarin ƙarfi, sai in littafi ya ce a yi.

Ta biyu bel ɗin mota, kuma in an yi daidai ba ta gaza ta farko ba, sai dai a nan gizo ke saƙar. A kujerun R44 hanyar bel mai launin shuɗi ta kallon baya ce, ja ta kallon gaba. A R129 kore ce. Bel ɗin manya ba ya kullewa sai an fizge shi, saboda haka kujera kan yi ta saki kaɗan-kaɗan kullum ba a lura ba. A wasu motoci in aka zaro shi har ƙarshe aka sake shi yana komawa, za a ji ƙaras-ƙaras, ya kullu ke nan. Inda babu wannan, sai a yi amfani da matsewar da ke jikin kujerar. Ana danna kujerar cikin soson mota da gwiwa, ko da tafin hannu in ta jarirai ce, a ja bel ɗin kafaɗa daga kusa da bokul har saki ya ƙare. Kada ya murɗe ko'ina. A kuma duba kada bokul ya hau kan gefen kujerar, don in nauyi ya zo a nan zai tanƙware ya buɗe. Gwajin ƙarshe: a kama kujerar daidai inda bel ya ratsa, a girgiza gefe da gefe, gaba da baya. In ta motsa fiye da santimita biyu da rabi, a kwance a sake. Saman kujera mai kallon baya yakan ɗan yi motsi, wannan ba laifi ba ne.

Ga sabon haihuwa akwai batun kishingiɗa. In kujera ta miƙe da yawa, haɓa kan faɗa kan ƙirji ta toshe numfashi. In ta kwanta da yawa, yaro kan zame sama lokacin karo. Kusan digiri 45 ake nema, kuma akwai layi ko ɗan ma'auni a gefe, amma ba ya faɗin gaskiya sai mota tana tsaye a wuri mai daidai. A doguwar tafiya a riƙa fito da jariri kamar bayan kowace awa biyu.

Sai igiyar da ke riƙe yaron, mai kama wuri biyar: kafaɗu biyu, ƙugu biyu, da tsakanin ƙafafu. Mai kallon baya, igiya ta fito daidai kafaɗa ko ɗan ƙasa da ita. Mai kallon gaba, daidai kafaɗa ko ɗan sama. Saki a ƙugu yake ɓuya, saboda haka daga can ake fara jawo shi sama kafin a ja igiyar matsewa. Sannan a gwada mintsinin igiyar a kan kafaɗa da yatsa biyu. In ta kamu ta ninku, ba ta matsu ba. Kujerar da ke da maƙalin ƙirji, daidai hammata yake zama, ba a kan tumbi ba. Rigar sanyi mai kauri babbar mayaudariya ce: igiya za ta yi kamar ta matsu, amma da nauyi ya zo rigar ta lotse, yaro ya sulale. A cire ta, a ɗaure, a lulluɓa bargo a sama. Matashi ko soson da bai zo da kujerar ba, haka yake yi.

Manyan yara su aka fi gaggawar yaye wa. Bel ɗin mota don jikin babba aka yi shi, shi ya sa a Birtaniya doka ta ce sai yaro ya kai santimita 135 ko shekara 12, a Jamus kuma santimita 150 ko shekara 12. Kafin nan yana bukatar kujerar ƙarin tsawo, mun kuma fi son mai majingina don tana kare kai ta gefe. In babu kujerar ƙarin tsawo, bel ɗin ƙasa kan hau ciki maimakon ƙashin ƙugu, a karo ya nutse cikin hanji da saifa, na kafaɗa kuma ya goge wuya har yaro ya gaji ya mayar da shi baya ko ƙarƙashin hammata. Ya isa barinta in ya jingina sosai, gwiwarsa ta lanƙwasa a bakin kujera, bel ya kwanta a saman cinya da tsakiyar kafaɗa, kuma zai iya zama haka har a isa.

Kujerar hannu ba ma karɓa sai an san tarihinta. Wadda aka yi haɗari da ita tana iya tsagewa ta ciki ba a gani, roba kuma tana da wa'adi, yawanci shekara 6 zuwa 10 daga ranar da aka buga a ƙasanta. Igiya ba ta son bilic ko injin wanki, tsumma mai ɗan danshi ya ishe ta. In mota ta sha rana, a taɓa ƙarfen bokul kafin a sa yaro. Kuma ba a barin yaro a motar da aka rufe ko na ɗan lokaci, don zafin ciki kan ƙaru da kusan digiri 10 cikin minti 10.

In mun gama, sai mu kwance duk abin da muka ɗaura mu ce mai motar ya yi da kansa, tare da duk wanda zai riƙa ɗaukar yaron. Muna kuma kunna makullin yara na ƙofofin baya. Sannan mu ce a sake girgiza kujerar duk lokacin da mota ta dawo daga wanki ko gareji, domin a can ake yawan cire ta a mayar, a zura bel ba a kulle shi ba.